Waye Howard Thurston, mai siddabarun da ya gaji Kellar?

Wai waye shi ne?

Ba'amurke ne, an haife shi a Columbus ta jihar Ohio a 1869. Da farko ma hanyar wa'azin Kiristanci ya kama, amma tun yana yaro wasan wani mai siddabaru Alexander Herrmann ya shiga ransa, ƙarshe dai ya ajiye karatun ya rungumi rufa-ido. Da karta ya yi suna, sai ka ga ya tsaya a kan dandamali yana cilla karta ɗaya-ɗaya tana tafiya kamar tsuntsuwa har kujerun can sama, shi ya sa ake ce masa Sarkin Karta.

To ya aka yi ya gaji Harry Kellar?

Nan ne wajen da ya fi taɓa ni gaskiya. Kellar shi ne babban mai siddabaru a Amurka a lokacin, tsufa ya fara kama shi yana neman magaji, har ya ɗauko wani Bajamushe Paul Valadon amma tafiyar ba ta yi ba suka rabu, sai ya jawo Thurston suka yi yawon wasa tare daga 1907, gari-gari, ana ganinsu tare har jama'a suka saba da sabuwar fuskar. A watan Mayun 1908 a Baltimore Kellar ya yi wasan bankwana, ya miƙa masa ragama a gaban 'yan kallo. Thurston fa ba ɗan koyo ba ne a lokacin, ya riga ya zaga duniya har Ostareliya da Indiya, kuma kayan wasan Kellar saye ya yi. Abin da maigidan ya ba shi wanda kuɗi ba ya saye shi ne yardar mutane, ya nuna shi ya ce ga nawa.

Me ya gada takamaimai?

Babba a ciki shi ne wasan Gimbiya Karnac, mace a kwance tana tashi sama a hankali, ya zura zobe ya zagaye jikinta don a ga babu abin da ya riƙe ta.

Ba tsafi ba ne kuwa?

Ko kusa. Siraran wayoyi ne da ido ba ya kamawa, da haske da aka tsara, da atisaye na shekaru.

Ya ƙarshensa?

Ya faɗaɗa wasan har sai da taragon jirgin ƙasa da yawa ake kwasar kayansa. Kellar ya rasu a 1922, shi kuma ya ci gaba har 1935 da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ya mutu a Miami a watan Afrilun 1936.