Me ake nufi da "manufar sadarwa" a kundin tsare-tsaren jami'a?

Kusan kowace jami'a yanzu tana da wani kundi mai bango mai sheƙi da ake kira tsarin dogon zango, galibi na shekara biyar. A ciki ake zayyana inda aka dosa: tsangayoyin da za a buɗe, ɗakunan kwanan ɗalibai da za a gina, binciken da za a ba fifiko, da inda kuɗin duk wannan zai fito. Can wajen ƙarshe, bayan kwamiti ya gaji, sai ka ci karo da ɗan babi mai taken manufofin sadarwa. Shi aka fi rubutawa a gurguje, shi kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Manufar sadarwa ita ce canjin da makaranta take son gani a wurin wasu mutane takamaimai, cikin wa'adin da ta yanka wa kanta: ko dai su san abin da ba su sani ba, ko su sauya yadda suke kallonta, ko su aikata wani abu. Abin lura shi ne canjin yana faruwa ne a wurin mai sauraro. Abin da ofishin yaɗa labarai ya yi da hannunsa aiki ne kawai, hanya ce ta isa can.

Na taɓa zama a irin wannan kwamiti a wata makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba. Daftarin da aka raba mana ya ce za a buɗe shafin Facebook, a riƙa fitar da mujalla duk wata uku, a sayi kyamara biyu. Kowa ya gyaɗa kai, ni ma har da ni. Sai wani dattijon farfesa da ke ƙarshen tebur ya cire tabarau, ya goge shi da bakin babbar rigarsa, ya tambaya ko idan an sayi kyamarorin an kuma buga mujallar, wane ne zai san wani abu da bai sani ba jiya. Ɗakin ya yi tsit. Jerin sayayya muka rubuta, muka laƙa masa sunan manufa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A 2010 ƙwararru kan auna tasirin hulɗa da jama'a sun hallara a birnin Basalona na Sifaniya, suka amince da ƙa'idoji bakwai. Ta farko ta ce a fara da kafa manufa da yadda za a auna ta, wata kuma ta ce auna sakamako ya fi ƙirga yawan abin da aka fitar. Tun kafin nan, a 1981, wani Ba'amurke mai suna George Doran ya kawo sharuɗɗa biyar na manufa mai kyau: ta zama takamaimiya, mai aunuwa, a san wanda aka ɗora wa alhakinta, ta zama mai yiwuwa, kuma tana da wa'adi. Sharaɗi na ukun nan ne ya fi yi mana wuya. Manufar da aka ce ta "hukumar jami'a" ce marainiya ce. Sai an ce magatakarda, ko shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, sannan ake samun wanda za a tuhuma.

Manufar sadarwa kuma ba ta tsayawa da ƙafarta, jingina take da wata babbar manufa a cikin kundin. Mu ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962. Cibiyarta ta binciken aikin gona da ke Samaru ta daɗe tana fitar da ingantaccen iri: masarar SAMMAZ, waken SAMPEA, dawar SAMSORG. Idan kundi ya ce ana son bincike ya amfani al'umma, to manufar sadarwar da za ta dace da shi ita ce manomin Giwa ko Soba ya san sunan irin da ya dace da ƙasarsa da inda zai same shi kafin ruwa ya sauka. Da zarar an faɗe ta haka, sauran tambayoyin sai su amsa kansu. Harshen Hausa ne. Hanyar kuma rediyo ce da malaman gona da ranar kasuwa, lokacin kuwa watan Afrilu, don sanarwar iri a watan Agusta ihu ne bayan hari.

Jami'a tana da masu sauraro iri-iri, kuma kowa da abin da yake son ji. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, rahoto suke so da alƙaluma. Yaron da ya rubuta jarrabawar JAMB makin shiga yake nema. Tsohon ɗalibi kuwa yana son ganin inda gudummawarsa ta shiga. Amma waɗanda aka fi mantawa su ne na cikin gida da iyaye. Duk wanda ke da ɗa a jami'ar gwamnatin tarayya yana tuna yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Takardun bogi masu ɗauke da tambarin makaranta sun yi ta yawo a WhatsApp suna sa ranar komawa. Makarantar da ta ɗauki darasi za ta rubuta cewa nan da shekara biyu kowane ɗalibi ya san wuri guda tak da zai duba gaskiyar sanarwa, kuma duk jita-jitar da ta shafi kuɗin rajista ko ranar jarrabawa a ba ta amsa cikin awa 24.

Saura awo, inda aka fi yin coge. Za ka ga an rubuta a ƙara wayar da kai da kashi 30 cikin ɗari, alhali ba wanda ya auna inda ake a yau. Kashi 30 na me? Kuma awon farko ba ya bukatar kwangila. A ajiye littafi a teburin ma'aikacin da ke ƙofar ofishin magatakarda na tsawon mako biyu na rajista, ya riƙa jan layi duk lokacin da wani ya zo da tambayar da tuni an amsa ta a sanarwa. Baɗi war haka a sake ajiye littafin a kan teburin, a ƙirga layukan.