Wai me ya haɗa tankar yaƙi da tankin ruwa?

Tambaya: Me ya sa ake ce mata tanka, ruwa take ɗauka ne?

Ko ɗigo. Yaudara ce kawai. A 1915 ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya Turawan Ingila suna ƙera wata mota mai sulke a ɓoye, ba sa so Jamus ta ji ko ƙishin-ƙishin, sai suka baza cewa ai tankunan ruwa ake haɗawa, shi ke nan suna ya bi ta. Ranar 15 ga Satumba 1916 aka fara shiga fagen daga da ita a Somme, ƙasar Faransa. To tankin da ke saman gidanku da ita kakansu ɗaya.

Tambaya: Da gaske akwai namiji da mace?

Ƙwarai kuwa. A cikin na farkon nan wadda aka ɗora wa igwa ita ce namiji, mai mashinga zalla kuma mace. Ta gwajin farko ma Little Willie aka sa mata.

Tambaya: Su Sherman da Grant fa, tankokin Amurka na yaƙin duniya na biyu, sunayen su wa ne?

Janar-janar ne na yaƙin basasar Amurka, amma Ingilishi ne suka raɗa, su Amurkawa lamba kawai suke sawa, M3, M4, abin har ya rikita mutum don ƙaramar tanka M3 ce matsakaiciya ma M3 ce. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne matsakaiciyar nan, in da hasumiyar bindiga irin ta Amurka sunanta Lee, in irin ta Ingila ce kuma Grant, alhali Lee ɗin nan shi ne ya miƙa wuya ga Grant a 1865, ka ga abokan gaba an haɗa su gangar jiki ɗaya. Ƙaramar kuwa Stuart ce a takarda, sojojin da ke tuƙa ta a hamadar Libiya suna ce mata Honey, wato zuma, saboda daɗin tuƙi.

Tambaya: Jamus fa?

Su namun daji suka bi, Tiger da Panther, daga baya Leopard, mu dai duk damisa za mu ce. Sai ga wata ƙatuwa mai nauyin tan 188 wai ita Maus, ɓera ke nan fa! Guda biyu kacal aka haɗa na gwaji, nauyinta ya fi ƙarfin yawancin gadoji har sai da aka tsara ta riƙa ratsa kogi ta ƙarƙashin ruwa.