Kafin a Ɗaura wa Yaro Takwim, Ga Abin da Ya Kamata Likita Ya Duba

Iyaye da 'yan'uwa mazauna Makka, Jidda da Madina, wayar gyaran haƙori da ake kira takwim a nan ƙasar ta zama ruwan dare a bakin 'ya'yanmu. Mu ma'aikatan lafiyar baki ba mu ƙi ta ba, magani ce mai kyau. Abin da ke damunmu shi ne a shiga mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da safe, a fito da waya a baki kafin azahar, ba hoton X-ray, ba awo, ba wanda ya tambayi me ya karkatar da haƙoran tun asali. Ɗaura waya aikin awa ɗaya ne ko biyu. Binciken da ke gabaninta shi ke nuna ko za a dace.

Likitan kirki da tambaya yake farawa. Yaron yana tsotsar yatsa? Da baki yake numfashi in yana barci? Ya taɓa faɗuwa a kan haƙoran gaba? Akwai mai doguwar haɓa a dangi? In babba ne, za a tambayi ciwon sukari, shan taba da magungunan da yake sha. Kada a ɓoye komai, domin in aka gyara haƙori alhali yatsan da ya turo shi yana nan, zai koma gidan jiya.

Daga nan sai fuska, ta gaba da ta gefe: leɓɓa suna haɗuwa ba tare da yunƙuri ba? Haɓa ta shige ciki ko ta yi gaba? Sannan a buɗe baki a ƙirga. Haƙoran nono 20 ne, na girma 32. A duba dasashi ko yana jini, a nemi rami ko ruɓa. Ba a ɗora waya a kan baki mai ciwo. Sai an cike ramuka, an wanke dattin da ya daskare, dasashi ya lafa.

Awon cizo yana bin rabon da wani likitan Amurka, Edward Angle, ya yi a 1899, inda ya dubi yadda turmin farko na sama ke zama a kan na ƙasa. A aji na ɗaya turame sun zauna daidai, cunkoso ko giɓi ne matsalar. A na biyu haƙoran sama sun yi gaba, a na uku kuma na ƙasa ne suka sha gaba. A ƙa'ida haƙoran gaba na sama suna wuce na ƙasa da milimita 2 zuwa 3. In tazarar ta haura 6, haƙoran suna cikin hatsarin karyewa da zarar yaro ya faɗi a filin ƙwallo.

Ido ba ya ganin cikin ƙashi, shi ya sa hoto ya zama dole. Na farko shi ne banorama, mai nuna duka muƙamuƙai biyu: saiwoyi, haƙoran da ba su fito ba, wanda babu shi tun haihuwa, da wanda ya yi ƙari. Na biyu hoton kai ne ta gefe, wanda ake auna kusurwoyi a kansa don a gane ko laifin na haƙori ne ko na ƙashi. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin ma'aunan farko a kan Turawa aka tsara su, mu kuwa baƙar fata haƙoran gabanmu da leɓɓanmu sun ɗan fi fitowa, kuma halitta ce. Ku tambayi likita ko ya yi la'akari da wannan, kada a cire lafiyayyun haƙora don a cika ma'aunin da ba namu ba. Bayan hotuna sai a ɗauki zubin haƙora, wato kwafin siffarsu, da ƙullu ko da na'urar sikana.

Da zubin ake lissafin wuri. Cunkoson da bai kai milimita 4 ba yawanci ana warware shi ba tare da cire haƙori ba, ta hanyar faɗaɗa layin ko ɗan goge gefen haƙora, abin da bai wuce rabin milimita tsakanin kowane biyu ba. In ya zarce 8, sau da yawa sai an cire ƙananan turamen da ke bayan fiƙa, kowanne yana ba da kusan milimita 7. Tsakanin 4 da 8, yanayin fuska da kaurin ƙashi ne ke yanke hukunci.

Wushirya kuwa ado ce a wurinmu, mai son tasa ya bar ta. A yaro ɗan shekara 8 zuwa 10 takan rufe da kanta idan fiƙoƙin sama sun fito a wajen shekara 11 ko 12. Amma wadda ta ɓullo wa babba daga baya, a je a duba, tana iya zama alamar ciwon dasashi.

A kai yaro duba na farko yana shekara 7, lokacin da famfara ta kankama, ko da ba za a yi masa komai ba. Ƙuntatacciyar ganɗa tana buɗuwa cikin sauƙi kafin balaga, haɓar da ta shige ciki kuma ana taimaka mata ne lokacin da yaro ke tsaka da girma. In girma ya tsaya, babban bambancin ƙashi sai da tiyata. Fiƙar sama ma ya kamata a ji tudunta a dasashi tun shekara 10. In ba a ji ba, a yi hoto, don takan maƙale ta cinye saiwar maƙwabcinta.

Kafin ku biya kason farko, ku nemi tsarin a rubuce: matsalar, haƙoran da za a cire in akwai, irin wayar, da tsawon lokaci. Haƙori yana matsawa kusan milimita 1 ne a wata, don haka aikin yakan ɗauki wata 18 zuwa 24, ana komawa duk mako 4 zuwa 8. Mai shirin tafiya gida Najeriya ko Nijar na tsawon watanni ya faɗa tun farko. A kuma yi muku bayanin illoli: fararen tabo in ba a goge baki da kyau, da gajercewar saiwa in an matsa da ƙarfi. Kuɗin musabbit, wato abin da ke riƙe haƙora bayan an cire waya, ya shiga lissafi, don in babu shi haƙora suna komawa.

Takwim na ado da ake saye a shago ko ta intanet a manna a gida, ku hana 'yan matanmu shi. Yana motsa haƙori ba tsari, yana kumbura dasashi, wani sashensa na iya ɓallewa a haɗiye. Duk mai taɓa bakin ɗanku ya kasance yana da rajista da hukumar ƙwararrun ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, kuma ana iya duba sunansa a shafinta.