Canza birkin gaba na tsofaffin motocin Amurka daga duram zuwa faifai

*Wai me ya sa ake cire birkin da mota ta zo da shi?*

Motocin nan masu ƙaton inji na shekarun 1960, irin su Mustang, Camaro, Chevelle da Charger, yawancinsu da birkin duram suka fito daga kamfani, gaba da baya, na faifai sai wanda ya ƙara kuɗi. Duram a rufe yake, in ka taka sau uku sau huɗu kana gudu sai ya ɗau zafi ya daina kamawa, kana taka fedal motar tana ta tafiyarta, in kuma ya sha ruwa sai ya dinga jan sitiyari gefe ɗaya. Faifai a buɗe yake iska na dukansa. Kuma da ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, shi ya sa ake fara gyara daga can.

*To ba sai in sayi mafi girma kawai ba?*

A'a wallahi, nan ne mutane ke asarar kuɗi. Fara duba rim ɗinka tukunna. Da yawan motocin nan rim mai inci 14 gare su, faifai mai inci 11 ma sau da yawa sai mai 15 yake shiga, mai inci 13 kuwa sai ka nemi rim 17. Sai mutum ya gama ɗaura kaya masu tsada ya zo saka taya ya ji kalifa, wato abin da ke matse faifan in ka taka birki, tana gugar cikin rim, ƙiiii, ga fenti ya kankare. Kamfanonin birki irin Wilwood da Baer suna ba da zanen awo da za ka buga a takarda, ka manna a kwali ka yanka ka zura cikin rim ɗin, in bai juya ba tare da taɓawa ba to kada ka biya. Ni dai in motar ta yawo ce a gari, kalifa mai fistin ɗaya irin wadda kamfanin motoci na GM ya koma sakawa a 1969 ta ishe ta, ga sauƙin samun kayan gyara.

*Masta fa, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka fedal, zan iya barin tsohuwar?*

Kada ka bari. Motocin da aka ƙera kafin 1967 galibi masta mai layi ɗaya gare su, tiyo ɗaya ya fashe shi kenan birki ya tafi a duk tayoyi huɗu, wannan abin yana tayar min da hankali duk sanda na ga an yi wa mota fenti mai kyau an bar ta da shi. Sa mai layi biyu. Bayan haka mastar duram tana da wani ɗan bawul da ke riƙe matsi kamar psi 10 a layin, duram na son haka amma faifai zai dinga kamawa ko ba ka taka ba, ka tsaya ka taɓa rim ka ji zafi rau. Sannan dole ka sa bawul mai rage matsin da ke zuwa baya, in ba haka ba tayoyin baya su riga na gaba kullewa motar ta juya da kai.

*Dole ne in sa busta?*

Ba dole ba. Busta, wato abin da ke taimaka wa ƙafarka wajen taka birki, da zuƙar iskar inji take aiki, in an sa wa injin babban kam, wato sandar da ke buɗe bawulolin inji, zuƙar tana raguwa sai fedal ya yi tauri kamar dutse. Ko dai ka sa masta mai ƙaramin rami ka taka da ƙarfin ƙafa, ko ka sa irin bustar da ke aiki da famfon fawa sitiyari.

*Akwai hanya mai araha?*

Masu Mustang sun daɗe suna ɗauko kayan gaban Ford Granada na 1975 zuwa 1980 suna ɗaurawa, sai dai kan tayirod ɗin, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ba lallai ya zo daidai ba, kuma dole a sake saitin tayoyi bayan an gama.

*Wane man birki?*

DOT 3 ko DOT 4. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, in za ka koma kansa sai an wanke layin gaba ɗaya.