Dokar hana auren jinsi: shin mai riƙe da kamara ma zai sha shekara 14?

Makon jiya wani ƙanena da ke aikin ɗaukar bidiyo ya turo mini saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar yana rantsuwa cewa duk wanda ya ɗauki hira da ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo, ko da a fim ɗin bincike ne irin na dokumentari, gidan yari na shekara 14 ke jiransa, har shi da mai haɗa hoton a kwamfuta. Yaron an yi masa tayin riƙe kamara a wani aiki kan yadda 'yan siyasa ke amfani da wannan batu lokacin zaɓe, yanzu ko wayar masu aikin ba ya ɗauka.

Mai saƙon ya ɗauko hukuncin wani laifi ya ɗora wa wani. Dokar da ake magana a kai ita ce wadda Majalisar Tarayya ta zartar a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Janairun 2014. Shekara 14 ɗin tana sashe na 5(1), kuma ta mutum biyu ce 'yan jinsi ɗaya da suka ƙulla aure ko zaman da ya yi kama da aure. Wanda ya ɗaura, ya shaida ko ya taimaka aka ɗaura, nasa shekara 10 ne. Ko sau ɗaya dokar ba ta ambaci fim, kamara ko ɗan jarida ba.

To ina gizo ke saƙar? A sashe na 5(2) da na 5(3). Na farkon ya yanka shekara 10 ga wanda ya yi rajista, ya gudanar ko ya shiga ƙungiyar masu neman jinsi, ko kuma ya nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a "kai tsaye ko a fakaice". Na biyun ya ƙara da wanda ya goyi bayan irin waɗannan ƙungiyoyi, da jerin gwanonsu, da tarukansu. Dokar ba ta fassara "a fakaice" ba, ba ta kuma faɗi inda goyon baya ya fara da inda ya tsaya ba. Wanda ya ɗauki hoton taro, mai goyon baya ne ko mai ba da rahoto? Duk wanda ya taɓa aikin jarida ya san ɗaukar hoton gangamin jam'iyya bai mayar da kai ɗan jam'iyya ba, kuma sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa damar karɓa da yaɗa bayani. Amma ɗan sandan da ya tare ka da kamara a hannu ba zai tsaya muhawarar sashe na 39 da kai a bakin titi ba. Ko mutum yana goyon bayan dokar nan ɗari bisa ɗari, kamar yadda akasarin jama'armu suke, kalmar da aka bari ba iyaka ƙofa ce ta karɓar na-goro.

A duba abin da ya faru a Legas. A 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal a unguwar Egbeda, suka jera su gaban kamarorin 'yan jarida, aka gurfanar da 47 a ƙarƙashin wannan sashe na nuna soyayya a fili. A Oktoban 2020 Mai shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidunsu. Ba a ɗaure kowa ba, amma fuskokinsu sun riga sun zaga duniya.

Ainihin shingen mai fim kuwa hukumar tacewa ce. A 2020 Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ta yi gargaɗi kan fim ɗin Ìfé, labarin soyayyar mata biyu, masu shi suka bar silima suka sake shi a intanet. Kano tana da tata hukumar tun 2001, kuma aikin fim a jihar sai da izininta. Ga kuma dokokin Shari'a na jihohin arewa 12, waɗanda ke hukunta aikin luwaɗin kansa da hukunci mai tsanani, daban da dokar tarayya.

Nan ne na ja kunnen ƙanena, ba a kan shekara 14 ba. Bidiyon da ke katin kamararsa hujja ce a kan wanda ya zauna gaban kamara. Idan mutum ya faɗi sirrinsa, aka bar fuskarsa, ko muryarsa, ko allon shagon da ke bayansa, shi ne zai kwana a hannun hukuma ko na 'yan unguwa. Na ce masa kafin ya amsa ya nemi lauya, ya ga takardar izinin ɗauka da idonsa, ya kuma tambayi masu aikin wa zai ajiye asalin hotunan bayan an gama.