Daina jin ciwo ba warkewar olsa ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar zafin ciki ya lafa, olsa ta warke. Ba haka ba ne. Gyambon farkon ƙaramin hanji, wanda wani nau'in olsa ne, yakan dawo shiru, babu zafi ko kaɗan, musamman ga tsofaffi da masu yawan shan magungunan rage zafin ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac. Wani sai ya ga baƙin bayan gida ko ya yi aman jini sannan ya farga.

Yawanci ba yunwa ke dawo da shi ba, ƙwayar cutar H. pylori ce, wadda wasu likitoci biyu, Marshall da Warren, suka gano a 1982. Omeprazole, maganin rage asid na ciki, shi kaɗai ba ya kashe ta. Likita kan haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kusan mako biyu, daga baya a sake gwaji a tabbatar ta mutu.