Digirin haɗaka a injiniyanci da kimiyyar kwamfuta: kwali ɗaya ne ko biyu?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijon unguwarmu ya tare ni a ƙofar gida, waya a hannu. Autansa ne ya turo masa hoton shafin wata jami'ar ƙasar waje da yake son nema, sunan kwas ɗin kuma ya yi tsawo har ya cinye layi biyu: injiniyancin kwamfuta da kimiyyar kwamfuta.

"Malam, kai ne ka san kan abin nan," in ji shi. "Yaron nan ya ce wai digiri biyu zai yi a lokaci guda. To kuɗin ma ninkawa za a yi?"

Na ce, "A'a, Baba Alhaji. Kwali ɗaya za a ba shi, suna biyu ne dai a jikinsa."

Ya ce ikon Allah, ai ko jariri suna ɗaya ake raɗa masa.

Abin da ake kira digirin haɗaka shi ne karatun da sassa biyu na jami'a suka zauna suka tsara tare, kowanne ya kawo kwasa-kwasan da yake ganin su ne ƙashin bayan fanninsa, ya haƙura da wasu, aka ɗinke su suka zama hanya guda da ɗalibi zai bi ya gama a cikin shekarun digiri ɗaya. Jami'ar Northeastern da ke Boston da Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles duk suna da digiri mai wannan sunan daidai, kuma a dukkansu ɓangaren injiniyan lantarki da na kimiyyar kwamfuta ne ke riƙe da shi tare.

Akwai wasu tsare-tsare biyu da ake yawan rikita su da wannan. Na farko shi ne ɗalibi ya ɗauki fanni biyu da kansa, ya cika sharuɗɗan kowanne, amma kwali ɗaya zai karɓa. Na biyu shi ne tagwayen digiri, inda ake fita da kwali biyu, kuma a Amurka, inda digirin farko yake kamawa daga kiredit 120 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai ke nan), tagwaye sukan kai mutum wajen 150, wato sau da yawa ƙarin shekara guda da kuɗinta. Digirin haɗaka ya fi su sauƙin nauyi domin tun farko an tankaɗe maimaici. Ba za a koya maka lissafi iri ɗaya sau biyu don kawai sassa biyu ne ke koyar da shi ba.

To me ya raba fannonin tun asali, har ake maganar haɗa su?

Kimiyyar kwamfuta 'yar gidan lissafi ce. A 1936 Alan Turing ya wallafa takardar da ta fayyace abin da za a iya lissafawa da na'ura da abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, alhali babu ko kwamfuta ɗaya irin ta yau a duniya. Tambayoyin wannan fanni har gobe ire-irensu ne: wace hanya ce mafi gajarta ta warware matsala, mataki nawa za ta ci, yaya za a jera bayanai don a same su da sauri. Injiniyancin kwamfuta kuwa ɗan gidan lantarki ne. A 1937 Claude Shannon, yana ɗalibin digiri na biyu a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna cewa makunnan lantarki masu kunnuwa da kashewa za su iya aiwatar da lissafin "gaskiya ko ƙarya" na George Boole. Daga nan aka gane cewa waya da makunni za su iya yanke hukunci in aka jona su yadda ya kamata. Injiniya shi ke tambayar wuta nawa abin zai ci, zafi nawa zai ɗauka, kuma nawa zai tsaya a kasuwa.

Jami'o'i sun bi wannan rabuwar. Cambridge ta fara difilomar kwamfuta a 1953, Purdue ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka a 1962, Case Western Reserve kuma ita ake ambata da digirin injiniyancin kwamfuta na farko a ƙasar a 1971, shekarar da kamfanin Intel ya fito da furosesar 4004, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai tiransisto (ƙananan makunnan lantarki) 2,300. Amma wasu manyan makarantu tun da wuri suka ƙi raba gari. Berkeley ta haɗa lantarki da kimiyyar kwamfuta a sashe ɗaya a 1973, MIT ma ta ƙara kimiyyar kwamfuta a sunan sashenta na lantarki a tsakiyar shekarun 1970. Su ne masu laƙabin EECS, wato injiniyancin lantarki da kimiyyar kwamfuta a taƙaice. Saboda haka haɗakar tsohuwar al'ada ce, sunan ne kawai yake ta sauya riga.

A ganina, hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan digiri ita ce a ɗauki kwamfuta kamar bene mai hawa da yawa. A can ƙasa akwai tiransisto da da'irar lantarki. A samansu akwai ƙofofin hukunci da ake haɗawa su yi tarawa da kwatantawa. Sai furosesa da ma'adanar bayanai, sai babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura irin Linux ko Android, sai harsunan rubuta manhaja, sai can ƙololuwa inda WhatsApp da sauran abin da muke latsawa suke zaune. Mai kimiyyar kwamfuta zalla ya fi zama a hawa na sama, yana leƙo ƙasa jefi-jefi. Injiniyan lantarki zalla yana ƙasa. Ɗalibin haɗaka an ajiye shi ne a kan matattakala, a hawan tsakiya inda manhaja ke taɓa ƙarfe. Kwasa-kwasan da suka fi bayyana shi su ne ginin furosesa, tsara da'irar dijital da harshen Verilog ko VHDL, babbar manhaja, da ƙananan kwamfutocin da ake binnewa a cikin wasu na'urori. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, shi ne Hausar wannan unguwa, kowa da shi yake ciniki.

Ga misalin da kusan duk wanda ya shiga ɗakin gwaji ya taɓa cin karo da shi. An ba ka ƙaramin allon lantarki mai furosesa irin Arduino, da maɓalli, da 'yar fitila. Aikin shi ne ka rubuta manhajar da za ta ƙirga sau nawa aka danna maɓallin. Layi goma ba su cika ba ka gama. Ka danna sau ɗaya, allo ya nuna 4. Ka sake dannawa, ya nuna 7. Ka koma ka karanta abin da ka rubuta sau ashirin, babu kuskure ko na ɗigo. Na taɓa ganin ɗalibi ya kwana a kan wannan, ido ya yi ja, yana rantsuwa allon ne ya lalace.

Allon lafiyarsa ƙalau, manhajar ma haka. Maɓallin ne. A cikinsa ƙarafa biyu ne ke haɗuwa, kuma idan suka haɗu ba sa zama nan take, sai sun ɗan yi tsalle-tsalle na 'yan milisakan kafin su natsu. Yatsanka bai ji ba, idonka bai gani ba. Amma furosesar Arduino Uno tana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa guda, don haka a cikin milisakan 5 ta buga sau 80,000, kuma kowane tsalle a wurinta sabon dannawa ne. Sai ka jona na'urar duba siginar lantarki kafin ka ga haƙoran zarto a inda kake zaton layi miƙaƙƙe ne.

Magani biyu ne. Ko ka sa 'yan kayan lantarkin da ake kira kafasito da resisto su shanye tsallen, ko ka gaya wa manhaja ta kau da kai na ɗan lokaci bayan dannawar farko. Na farko yana ƙara kuɗin kaya a kan kowace na'ura, in za a ƙera miliyan ɗaya kuwa kwabo ma kuɗi ne. Na biyu kyauta ne, amma yana cin lokacin furosesa, kuma in aka tsawaita jiran sai na'urar ta zama mai jinkiri. Wanda zai zaɓa dole ya san ɓangarorin biyu. Wannan zaɓin, a maimaita shi sau dubu a matakai daban-daban, shi ne sana'ar da digirin haɗaka ke koyarwa. Na'urar POS da ke hannun yaron bakin kasuwa, mitar wuta ta kati, inbatar sola, kwamfutar da ke cikin injin mota, duk cike suke da irin wannan hukunci.

Abin yakan girma ya wuce maɓalli. A Janairun 2018 aka bayyana wasu ɓarakoki biyu na tsaro, Spectre da Meltdown, waɗanda suka shafi furosesoshin da ke cikin ɗimbin kwamfutoci da wayoyin duniya. Tushensu wata dabara ce ta ƙara sauri: furosesa takan yi hasashen abin da manhaja za ta buƙata, ta fara aikin tun kafin a tabbatar. Kamar mai shayin da ya hango kwastomansa daga nesa ya fara haɗa masa kauri tun bai iso ba. In mutumin ya wuce bai tsaya ba, sai ya juye shayin, kamar ba a yi ba. Sai dai kofin yana nan da ɗuminsa, kuma mai lura zai taɓa ya gane an zuba wani abu. Haka masu bincike suka gano cewa aikin da furosesa ta soke yana barin sawu a ma'adanarta ta kusa, kuma ta hanyar auna lokaci ana iya karanto sirrin da bai kamata a gani ba. Masu ƙera furosesa sun yi aikinsu daidai da ƙa'idarsu, masu rubuta manhaja ma haka. Ɓarakar tana tsakani ne, a gurbin da kowa ya ɗauka na ɗan'uwansa ne. Irin wannan tsakanin ne kuma ake rububin masu iya shi yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta sa kamfanoni irin Nvidia da Google da Apple ke ƙera ƙwaƙwalwar na'ura daidai da manhajar da za ta hau kanta.

Sai dai ba a cin biyu a tashi ba biya. Shekarun ba su ƙaru ba, fannoni sun zama biyu, don haka abin da ake yankewa shi ne kwasa-kwasan zaɓi. Abokinka na kimiyyar kwamfuta zalla zai samu sararin zurfafawa a rumbun bayanai ko koyar da na'ura ko lissafin ɓoye saƙo, kai kana ɗakin gwaji kana fama da waya da dalma. Na lantarki zalla zai fi ka sanin siginar rediyo da manyan injinan wuta. Ga jadawali a cushe, kwas kan kwas kamar sarƙa, wanda in ka faɗi guda a aji biyu sai ya riƙe maka uku a gaba. Ga kuma wata 'yar matsala da ba a rubuta ta a takardar talla: ɗan gida biyu wani lokaci ba shi da gida. Sassa biyu kan sa jarrabawa a rana ɗaya, kowanne ya ce ka je ɗaya sashen su gyara. Wanda burinsa kawai ya rubuta manhajar waya ko ya gina shafukan intanet, ni dai ban ga dalilin da zai ɗora wa kansa wannan kaya ba. Kimiyyar kwamfuta ta ishe shi, har da guzuri.

Suna kuma yana yaudara. A Indiya, inda 'yan Arewa da yawa ke zuwa karatu, digirin da ya fi farin jini shi ne B.Tech na shekara 4 a fannin da suke taƙaitawa CSE, wato kimiyya da injiniyancin kwamfuta. Sunan na haɗaka ne, amma a makarantu da dama abin da ke ciki ya fi karkata ga manhaja, lantarkin ɗan taɓawa ne. A Najeriya an fi raba su: kimiyyar kwamfuta shekara 4, injiniyancin kwamfuta shekara 5 a tsangayar injiniya, kamar yadda yake a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ta daɗe da sashe guda mai ɗauke da sunayen biyu, amma ko a can ɗalibi yana zaɓar layinsa ne, ko injiniyancin kwamfuta, ko kimiyyar kwamfuta haɗe da lissafi ko tattalin arziki. Don haka wanda ya ga dogon suna kada ya tsaya a sunan. Ya buɗe jerin kwasa-kwasan ya ƙirga: nawa ne na da'irar lantarki masu ɗakin gwaji, akwai kwas ɗin algoridim, wato matakan warware matsala, na gaske ko gabatarwa ce kawai, furojet ɗin ƙarshe abin da za a riƙe a hannu ne ko manhaja ce zalla. Ya duba zaman koyon aiki ma. Northeastern ta yi suna ne da tura ɗalibanta kamfanoni su yi wata 6 suna cikakken aiki, abin da ya yi kama da SIWES ɗinmu, sai dai galibi da albashi.

Duk wannan na zayyana wa Baba Alhaji a tsaye, yana gyaɗa kai. Da na kai aya sai ya fito da abin da ke ransa tun farko.

"To in ya dawo, Injiniya za a riƙa ce masa ko kuwa?"

Tambaya ce mai tushe. A Najeriya laƙabin nan yana hannun COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, wadda aka kafa a 1970, kuma digirin injiniya da aka tantance take dubawa kafin ta yi wa mutum rajista. Masu kimiyyar kwamfuta tasu hukumar daban ce, CPN. Digirin haɗaka na iya faɗawa kowane ɓangare, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalin da hukumar da ta tantance shi a can, irin ABET ta Amurka, wadda take da ma'auni daban na injiniya, daban na kwamfuta. Na ce masa yaron ya rubuta wa jami'ar ya tambaya a wane ma'auni aka tantance kwas ɗin, ya ajiye amsar a rubuce, tun kafin a biya ko sisi.

Ya mayar da wayar aljihu, ya ce bari ya je ya kira shi tun kafin ya tura musu takardu.